Kuturta: bayan an sha magani, saura hannu da ƙafa

Kuturta ta yi ƙaranci a ƙasar Maraɗi. Yara da yawa na Sabon Gari da Tibiri ba su taɓa ganin sabon kamu ba. Amma ba ta ƙare ba. Har yanzu ana kai masu ita asibitin Danja, cikin ƙasar Jiratawa, wanda ƙungiyar SIM ta kafa tun shekarun 1950.

Maganinta ƙwayoyi ne, na wata 6 ko na wata 12. Tun 1995 hukumar lafiya ta duniya, OMS, take ba da su kyauta. Wanda ya sha har ƙarshe ya warke, kuma ba ya sa wa kowa cutar. Sai dai magani ba ya rayar da jijiyar da ta riga ta mutu.

Ana cewa kuturta ce take cinye yatsu. A'a, rauni ne yake cinye su. Hannun da jijiyarsa ta mutu ba ya jin zafi. Manomi ya wuni riƙe da hauya, tafinsa ya yi kanta ya fashe, bai sani ba. Mace ta sauke tukunya, ta ƙone, ba ta ji ba. Miki ya ruɓe har ya kai ga ƙashi. Yatsun da ba a motsa su kuma sai su ƙage.

A nan likitan motsa gaɓɓai yake da aiki, wanda ake ce wa kine. Aikinsa koyarwa ne, majinyaci ya ci gaba da yi a gida kullum. A jiƙa hannu da ƙafa cikin ruwa marar zafi, kamar minti 20. A kankare kaushi da dutse, a hankali. A shafa mai tun fata ba ta bushe ba. Sannan a ɗora hannu bisa cinya, a miƙar da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ban da gasa wurin da wuta ko ruwan zafi, jama'a, domin fatar da ba ta ji ba ta san ta ƙone ba.

A naɗe ƙotar hauya da tsumma. Kada a shiga gona ba takalmi. Kowane marece a duba tafin ƙafa.

In hannu ya fara mutuwa kwatsam, ko ido ya ƙi rufuwa, a tafi asibiti cikin makon nan. Jijiyar da ba ta wuce wata 6 da taɓuwa ba, sau da yawa likita yana iya ceto ta.