Ɗigo Uku, Ƙaramar Kibiya da Rubutu Mai Toka-toka: Karatun Menu a Kwamfuta

Wanda ya zauna gaban kwamfuta a farkon shekarun 1980 ba abin da yake tararwa sai baƙin allo, da harafi guda a kusurwa, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa yana jiransa. Haka manhajar DOS ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito tare da kwamfutar IBM a 1981, take tarbar mutane. Mai son ganin fayilolinsa sai ya rubuta dir. Mai son kwafe takarda zuwa faifai sai ya rubuta copy, ya bi da sunan fayil ɗin daidai-wa-daida, ya bi da inda za a kai shi. In harafi ɗaya ya kuskure a sunan umarnin, na'urar ta ce ba ta san wannan ba, ta ja bakinta ta yi shiru. Ilimin duka yana cikin kan mutum, ko cikin wani ƙaton littafi a gefen tebur.

Menu ne ya juya wannan lamari. Maimakon mutum ya haddace abin da manhaja ta iya, sai ita manhajar ta jera masa su ya zaɓa. Bambancin kamar na shaguna biyu ne: a ɗaya kaya na ɗaki a kulle, sai mai saye ya faɗi sunan abu daidai kafin a ɗauko masa, a ɗayan kuwa an baje komai a kan tebur, ko sunan ya ɓace masa yana iya nunawa da yatsa. Gane abu in an gan shi ya fi tuno shi daga ka sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a kan wannan aka gina dukkan tsarin. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi da ƙaramar waya, ana ce masa ya danna 1 don kaza, 2 don kaza, ya riga ya yi aiki da menu ko bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Asalin menu irin na kwamfutar tebur yana komawa cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka. A can aka ƙera kwamfutar Alto a 1973, kuma a cikin tsarinsu mai suna Smalltalk aka riƙa samun jerin zaɓi yana ɓullowa daidai inda kibiyar linzami take. Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci cibiyar a ƙarshen 1979, ya ga abin da ya gani. Da Apple ya fitar da kwamfutar Lisa a 1983, a kan dala 9,995, sai ga wani siririn layi a saman allo ɗauke da kanun menu, kowanne in an danna shi ya zubo ƙasa. Lisa ba ta yi kasuwa ba, tsadarta ta kashe ta, amma Macintosh ta 1984 ta gaji layin ta yaɗa shi. A 1987 kuma IBM ya fitar da ƙa'idojin yadda ya kamata manhajoji su tsara menu ɗinsu, Windows ta ɗauki da yawa daga ciki. Dalilin ke nan da ya sa har gobe, a manhajoji masu tarin yawa, File ne a farkon layi daga hagu, Edit na biye da shi, Help kuma yana can ƙarshe.

Wannan daidaito shi ne babban ribar mai koyo, sai dai ba kasafai ake nuna masa ita ba. A cibiyoyin koyon kwamfuta da yawa ana biya wa ɗalibi matakai ne ya haddace: danna nan, sannan nan, sannan can. Ranar da aka sauya masa manhaja ko aka sabunta wadda ya sani, sai ya koma kamar bai taɓa shiga aji ba. Alhali menu yana da 'yan alamomi ƙalilan da ba sa canzawa, kuma wanda ya iya karanta su zai iya lalubo hanyarsa a manhajar da bai taɓa gani ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce a fara zaɓar abu kafin a faɗi abin da za a yi da shi. A ɗauki yarinyar da ke koyon buga takardu a wani shagon kwamfuta. Ta buɗe Edit tana neman Copy, ta same shi, amma rubutun ya dusashe ya yi toka-toka, ta danna ta danna bai motsa ba. Abu na farko da zai zo mata shi ne kwamfutar ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Rubutu mai toka-toka yana nufin umarnin yana nan, amma ba shi da abin da zai yi aiki a kansa a yanzu. Da zarar ta ja linzami a kan jimla ɗaya ta haskaka ta, Copy zai yi baƙi wuluk ya amsa. Paste ma haka yake zama a dushe har sai an kwafo wani abu. Masu tsara manhaja da gangan suke barin irin waɗannan umarnai a wurinsu maimakon su ɓoye su, domin ido ya saba da mazaunin kowanne.

Sai ɗigo uku. Mutane na shekara da shekaru suna kallonsu ba su taɓa tambayar aikinsu ba. Umarnin da ba shi da ɗigo a gabansa, ana danna shi yake aikatawa nan take. Wanda yake da ɗigo uku kuwa zai buɗe wani akwati ya nemi ƙarin bayani tukuna. Save yana adana aiki ba tare da wata magana ba in fayil ɗin ya riga ya sami suna, amma Save As mai ɗigo uku sai ya tambayi suna da wurin ajiya. Amfanin sanin wannan yana fitowa fili a wajen filas. A Windows 10, in aka danna gefen dama na linzami a kan alamar filas, Format da Eject suna maƙwabtaka da juna, ɗaya a kan ɗaya. Eject na sallamar filas ne a zare shi lafiya. Format kuwa share duk abin da ke ciki yake yi, da hotunan biki da takardun makaranta da komai. Hannu na iya zamewa, musamman a kan tsohon linzami mai gardama. Abin da ke ceton mutum shi ne ɗigo ukun da ke gaban Format: akwati zai fito tukuna, kuma ko an danna maɓallin farawa akwai gargaɗi na biyu. Wanda ya san haka zai rufe akwatin cikin natsuwa. Wanda bai sani ba, kuma ya saba danna OK a kan duk abin da ya ɓullo, shi ne ke zuwa wurin mai gyara yana salati.

Ƙaramar kibiya a gefen dama na layi tana nufin akwai wani menu a ciki. Nan ne sababbin hannu suka fi shan wahala, domin in linzami ya karkace ya taɓa layin ƙasa kafin ya isa, sai menu na cikin ya rufe. Windows tana jinkirta buɗewa da rufewar da kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa don ta ba hannu dama, amma dabarar da ta fi ita ce a tafi a miƙe zuwa dama tukuna, sannan a gangara. Alamar maki a gefen hagu kuma tana nuna abu a kunne yake, a sake danna shi ya mutu. Siraran layukan da ke raba jerin gida-gida ba ado ba ne, suna haɗa umarnai masu dangantaka wuri ɗaya.

A can gefen dama na kowane layi akwai wani rubutu da ido ke tsallakewa: Ctrl+S, Ctrl+P, Ctrl+Z da makamantansu. Menu na koya wa mai amfani da shi yadda zai daina buƙatarsa. Ƙwararrun masu buga takardu da ake gani hannunsu ba ya sauka kan linzami, yawancinsu daga nan suka tsinci gajerun hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da linzami ya mutu kuma, menu bai mutu ba. A Windows maɓallin Alt yana farkar da shi, haruffa su bayyana da ja-layi a ƙarƙashinsu ko cikin ƙananan akwatuna, Alt da F su buɗe File, maɓallan kibiya su yi yawo a ciki, Enter ya zaɓa, Esc ya fitar da mutum ba tare da an taɓa komai ba. Da wannan hanya makafi masu amfani da manhajar karanta allo suke aikinsu na yau da kullum.

Akwai ɗan tarko ga wanda ya tsallaka iyaka. Ma'aikacin Katsina da ya zauna gaban kwamfuta a Maraɗi zai tarar da menu cikin Faransanci, amma Fichier na zaune daidai inda File yake, saboda haka ƙafa ba za ta ɓata ba. Gajerun hanyoyin ne ba duka suke tafiya tare ba: a Word na Faransanci, Ctrl+G ke kaurara rubutu, ba Ctrl+B ba. A kwamfutar da aka saita da Larabci kuwa, irin wadda za a iya samu a Sudan, komai juyawa yake, menu ya faro daga dama. An yi wa Windows fassarar Hausa ma, kuma ita ma ba ta taɓa mazaunin umarnai ba.

Dannawar dama, wadda Windows 95 ta sa ta zama ruwan dare, ita ce menu mafi wayo a cikinsu, domin abin da take kawowa ya danganta da inda kibiya take. A kan hoto daban, a kan folda daban, a kan kalmar da aka ja wa jan layi a Word kuma ta kawo gyaran rubutu. Wanda ya rasa yadda zai yi da wani abu a allo, ya fara gwada ta kafin ya kira kowa.

Hatta wurin da aka ajiye menu akwai lissafi a bayansa. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya dogara ne da nisan abin da kuma girmansa. Bakin allo kuwa katanga ne ga kibiya, duk ƙarfin da aka wurga ta ba za ta wuce ba. Shi ya sa Apple ya manne menu ɗinsa a can ƙololuwar allo tun zamanin Lisa, bai sauko da shi cikin taga ba. Shi ya sa kuma a Windows 7 ko 10 mutum zai iya jefa linzami kusurwar hagu ta ƙasa ido rufe ya danna, Start ya buɗe. Wannan maɓalli ya fara bayyana ne ranar 24 ga Agustan 1995, kuma tun lokacin ake yi masa ba'a cewa sai an danna “fara” kafin a kashe kwamfuta.

Kamfanonin da suka raina wannan sabo sun ji a jikinsu. Office 2000 ya zo da menu mai ɓoye umarnan da mutum bai cika amfani da su ba, da nufin rage cunkoso. Sakamakon shi ne menu ɗin kowa ya bambanta da na maƙwabcinsa, abin da aka gani jiya yau babu shi, daga baya aka yi watsi da dabarar. A Office 2007 aka kawar da tsohon layin menu gaba ɗaya daga Word da Excel, aka kawo faffaɗar ɗamara mai shafuka da gumaka. An yi ta ƙorafi, amma wannan sauyin ya zauna, kuma akwai hujja: umarnan Word sun yi yawan da jerin da ke zubowa ba zai iya ɗauka ba, kuma ɗamarar ba ta ɓoye komai, baje shi ta ƙara yi. Windows 8 ta 2012 ce ta ɗebo da zafi. Ta cire menu na Start, ta maye gurbinsa da allo cike da murabba'ai masu launi waɗanda aka tsara don taɓawa da yatsa, alhali yawancin mutane linzami ne a hannunsu. Shekara guda aka dawo da maɓallin, a 2015 kuma Windows 10 ta dawo da menu ɗin kansa. A duniyar Linux, kishiyar Windows, ma an kai ruwa rana: da fuskar allo mai suna GNOME 3 ta fito a 2011 ta yar da menu uku da aka saba da su a saman allo, sai wasu masu shirya manhaja suka ɗauki tsohon tsarin suka ci gaba da raya shi da sunan MATE, mutanen Linux Mint kuma suka ƙirƙiro Cinnamon.

Tsugune ba ta ƙare ba. Windows 11 ta 2021 ta mayar da Start tsakiyar layin ƙasa, ta kuma taƙaita menu na dannawar dama, ta mayar da yanka da kwafi da sauya suna ƙananan gumaka a jere, waɗanda da farko ba su da rubutu, sauran umarnan kuma ta tura su bayan wani layi na ƙarshe mai cewa a nuna ƙarin zaɓi. Ga mai koyo wannan koma-baya ne, domin gunki sai an san ma'anarsa, rubutu kuwa karantawa kawai ake yi. Duka biyun suna da magani. Ana iya mayar da Start kusurwar hagu daga saitin layin ƙasan, kuma riƙe Shift yayin dannawar dama yana fito da tsohon menu cikakke.

Sabon abin da ya shigo cikin menu a shekarun nan shi ne akwatin nema. Tun Windows Vista, danna maɓalli mai tambarin Windows a fara rubuta sunan manhaja ya fi bin jeri sauri. A Office na 2016 zuwa sama, Alt da Q suna buɗe wurin da za a rubuta abin da ake son yi, manhajar ta kawo umarnin. Na Macintosh ya fi burgewa: in aka rubuta sunan umarni a cikin Help, aka ɗora kibiya a kan sakamakon, sai kwamfutar ta buɗe menu ɗin da kanta, ta nuna layin da wata babbar kibiya mai motsi, ta yadda gobe mutum zai je wurin da ƙafarsa.