Ƙunar da ba ta zafi da farko

Wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni bayan la'asar, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Aikin yini yake yi a wani ɗan wurin haɗa sabulu a bayan garin Garwa, ruwan sodar kostik ya fantsamar masa. "Wallahi Malam da farko ba zafi, santsi kawai na ji," in ji shi. Ya goge da riga ya ci gaba da aiki. Kafin dare fata ta saluɓe.

Santsin nan shi ne haɗarin. Soda tana narkar da kitsen fata kamar yadda take mai da mai sabulu, tana ci tana shiga ciki. Abin yi shi ne a tuɓe tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, sannan asibiti. Shi kuwa man goge baki aka shafa masa.

Arewacin Kamaru ba ya rasa ayyukan sinadari. SODECOTON, da aka kafa a 1974, tana tatsar man auduga na Diamaor a Garwa da Marwa. A masana'antun mai ana aiki da hekzan, wanda tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A Figil kuma ga siminti, wanda jiƙaƙƙensa ke cin fata irin cin soda. Wanda ke ganin masana'antar mai wasa ce ya tuna Dakar: ranar 24 ga Maris 1992 tankar amoniya ta fashe a kamfanin man gyaɗa na SONACOS, mutum 129 suka rasu.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ƙananan wurare, inda ba takarda ba rajista. Dokar 1977 ta wajabta wa mai kamfani ya kai rahoton haɗari ga CNPS cikin kwana uku na aiki. Yaron nan bai taɓa jin sunan CNPS ba, kuma laifin har da mu malamai: mun koya masa sunayen sinadarai a allo, ba mu koya masa abin da zai yi in sun taɓa shi ba.

Na tambaye shi ko akwai safar hannu. Ya ce akwai guda biyu, su shida ne, kuma a zafin Afrilu ba mai iya jure ta. Ran Litinin zai koma aiki.