Hoton gudu: Kyamarar da ta dace da ɗan koyo mai ƙaramin jari a Anka, Gummi da Bukkuyum

Babu filin tseren motoci a yammacin Zamfara, amma akwai gudun da ke gagarar kyamarar waya. Akwai sukuwar dawaki a hawan sallar Sarkin Zamfaran Anka da na Sarkin Mafaran Gummi, akwai ayarin baburan rakiyar ango a Bukkuyum, sannan a makwabta akwai gangamin motocin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka dawo da shi a 2020. Mai doki ko mai babur yana biyan kuɗi ne kan hoton da ya fito tar, don haka matashin da ya tara jarinsa da ƙyar ba shi da damar yin kuskuren saye.

Tarkon farko shi ne ruɗuwa da yawan megafiksel. A hoton gudu, abin dubawa uku ne: hoto nawa kyamara ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya, yadda take bin abin da ke motsi ba tare da ya dushe ba, da kuma gilashin da ke zuƙo nesa.

Wannan ne ya sa tsohuwar kyamarar ƙwararru ta hannu kan fi sabuwar ta 'yan koyo amfani. Canon 7D da ta fito a 2009 tana ɗaukar hoto 8 a daƙiƙa, yayin da Canon 600D ta 2011 ba ta kai 4 ba. Nikon D7000 ta 2010 tana yin 6. A sukuwa, wannan tazara ce ke raba hoton doki yana sama da hoton wutsiyarsa. Sai dai 7D tana amfani da babban memori samfurin CF, wanda ba ya samuwa a kowane shagon waya, ita kuwa D7000 tana cin SD guda biyu.

Sony a6000 ta 2014 ta fi su sauri, tana yin 11 a daƙiƙa, kuma ba ta da nauyi. Matsalarta batir: a gwajin kamfani caji ɗaya yana yin hoto kusan 360, alhali D7000 tana haura 1,000. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma caji sai an kai shago, duk wanda ya zaɓe ta sai ya sanya kuɗin ƙarin batir biyu a lissafi.

Gilashi shi ne rabin aiki. Ɗan ƙaramin 18-55 da ke zuwa da kyamara ba ya kai wa ga mahayi, sai mai hoto ya matsa kusa, a nan ne kuma doki ko babur ke iya bi ta kansa. Mafi araha su ne 55-250 na Canon da 70-300 na Nikon. Mai D7000 ya lura: gilasan Nikon na DX masu alamar AF-P ba sa aiki da ita, AF-S zai nema. Idan kuɗi bai isa duka ba, gara a rage wa kyamara a ƙara wa gilashi.

Yawancin irin waɗannan kaya daga Kano, Abuja ko Legas suke zuwa, kuma tura kuɗi kafin a ga kaya kasada ce. Kafin a biya, a duba adadin bugun shata, wato murfin da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto. An ƙera 7D da D7000 su jure bugu kusan 150,000, don haka wadda ta kusa kai wa nan ta ci rabonta. A haska cikin gilashi da tocila don ganin tsaga ko fumfuna, a ɗauki hoton farin bango don gano tabo, sannan a gwada ta a kan babur da ke wucewa a titi.

Bayan saye, sauran na hannu ne. Saurin shata 1/1000 yana tsayar da doki cak. A kusan 1/125, idan mai hoto ya bi babur da kyamara yana juya ƙugu, babur zai fito tar, bayansa ya share, a ga gudun a ido. A saita bin motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon. Ƙurar hunturu da ta kofato kuwa ita ce babbar abokiyar gaba: kada a cire gilashi a fili.

Akwai kuma batun tsaro. Gwamnatin jihar ta sha taƙaita zirga-zirgar babura, kuma dogon gilashi yana jawo ido. Ɗan koyo ya fara neman izinin fada ko masu taro, ya kauce wa ɗaukar shingen jami'an tsaro, ya tsaya ta cikin kwana ba ta wajenta ba, domin abin hawan da ya ƙwace waje yake nufa.