Asusun Kuɗin Waje: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ƙetare Iyaka

Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canjin kuɗi wuri guda ya bar farashin naira a hannun masu saye da sayarwa, dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da naira 1,500 a farkon 2024, abin da ya sa batun adana dukiya a kuɗin da darajarsa ba ta saurin zubewa ya shiga zaurukan ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa a unguwar Malali da ke Kaduna da maƙwabtanta irin su Unguwar Rimi da Badarawa. Wasu suna da 'ya'ya masu karatu a Masar ko Indiya, wasu dangi ne ke aiko musu da kuɗi daga Ingila ko Saudiyya, wasu kuma fatauci suke yi ta hanyar Funtuwa da Katsina da Jibiya har Maraɗi a Nijar. Hanyoyi biyu ne a gabansu, wato buɗe asusun kuɗin waje a bankin gida, ko ƙetare iyaka a buɗe shi a Jamhuriyar Nijar, kuma babban abin da ya raba hanyoyin shi ne cewa kowane asusu yana ƙarƙashin dokar ƙasar da aka buɗe shi ne, ko da mai shi ɗan wata ƙasa ne.

Asusun da ake magana a kansa shi ne na hada-hadar yau da kullum, wanda ake zuba kuɗi a cire a duk lokacin da aka so, kuma ake iya ba mai shi littafin caki, wato takardar da yake sa wa hannu don umartar banki ya biya wani. A Nijeriya an halatta buɗe irinsa da kuɗin ƙetare tun 1985, dokar musayar kuɗaɗen waje ta 1995 kuma ta tabbatar da wannan dama, don haka mazaunin Malali zai iya zuwa rassan bankunan da ke titin Ahmadu Bello ko na Yakubu Gowon ya buɗe abin da jama'a ke kira asusun dala, ko na fam ɗin Ingila, ko na yuro. Banki kan nemi lambar tantancewa ta BVN da aka ɓullo da ita a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da katin shaida, da takardar biyan kuɗin wuta ko ta ruwa don tabbatar da adireshi, sa'annan galibi a buƙaci mutum biyu masu irin wannan asusu su tsaya wa mai nema. Wanda ke gudun riba yana da zaɓin bankunan Musulunci, waɗanda na farkonsu, Jaiz, ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kano da Kaduna.

Kuɗin da aka turo daga waje ba ya faɗawa asusun kai tsaye, yana bi ne ta hannun bankin da ke wakiltar bankin gida a ƙasar da ke da kuɗin, bisa umarnin da ake aikawa ta tsarin saƙon bankuna na SWIFT, kuma kowane banki da saƙon ya ratsa yana iya cire ladansa, shi ya sa abin da ke isowa yakan gaza abin da aka aika. Haka nan mallakar asusun bai ba mutum izinin sa farashin haya ko na kaya da dala a cikin gida ba, domin naira ce kaɗai kuɗin da doka ta amince a yi ciniki da shi a Nijeriya.

A ɗaya ɓangaren iyakar, kuɗin da ake kashewa shi ne saifa, wadda aka ƙirƙira a 1945, wadda kuma ƙasashe takwas ke tarayya a kanta: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Babban bankinsu, BCEAO, yana da hedikwata a Dakar da rassa a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Abin da ke jan hankalin 'yan Nijeriya shi ne an ɗaure saifa da yuro a kan farashi tsayayye, saifa 655.957 a kowace yuro ɗaya, ta yadda wanda ya ajiye saifa kusan daidai yake da wanda ya ajiye kuɗin Turai. Sai dai tarihi ya nuna cewa ɗaurin ba dawwamamme ba ne, domin a watan Janairu na 1994 an rage darajar saifa da rabi a dare ɗaya. Tun daga 1993 kuma babban bankin ya daina karɓar takardun saifa da suka fita daga yankin, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa cinikinta a Nijeriya ya fi ƙarfi a hannun 'yan canji, irin na kasuwar Wapa da ke Fagge a Kano. Saifar Nijar ma daban take da ta Kamaru da Chadi, duk da cewa suna ɗaya ne, daraja ɗaya.

Ɗan Kaduna da ya shiga Sonibank ko Bank of Africa ko Ecobank a Maraɗi, dokar yankin tana kallonsa ne a matsayin wanda ba mazauni ba, kuma asusunsa yana da rukuni na musamman da ƙa'idoji na musamman. Za a nemi fasfo ko wata shaidar da bankin ya yarda da ita, da tabbacin inda yake zaune, da bayanin sana'arsa da tushen kuɗinsa, kuma takardun da zai sa wa hannu da Faransanci aka rubuta su, ko da hirar da ma'aikacin bankin da Hausa aka yi ta. Cakin da aka ba shi yana aiki ne a cikin ƙasashen saifa, ba za a kai shi wani banki a Kawo a karɓi kuɗi nan take ba. Kasancewar banki ɗaya yana da suna a ƙasashen biyu bai mayar da asusun guda ba, domin kowane ɓangare kamfani ne mai lasisin kansa da hukumar da ke sa masa ido.

Akwai kuma iyakokin da dokar Nijeriya ta gindaya. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta wa shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamnoni da mataimakansu, da ministoci da kwamishinoni, da 'yan majalisar tarayya da na jihohi, riƙe asusun banki a wata ƙasa, kuma wannan ya shafi Kaduna sosai, kasancewarta mazaunin manyan jami'ai tun zamanin da take hedikwatar Jihar Arewa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk wanda zai fita ko ya shigo da tsabar kuɗin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu, ya bayyana wa jami'an kwastan, wanda ya ɓoye kuwa yana iya rasa kuɗin ya kuma fuskanci shari'a. Mai fitar da kayan da ba man fetur ba ta hanyar hukuma kuma dole ya dawo da kuɗin cinikin cikin asusunsa na gida a cikin kwana 180.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi na siyasa ne. Bayan juyin mulkin da aka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki ta dakatar da hada-hadar kuɗi da Nijar, bankunan ƙasar suka shiga ƙarancin tsabar kuɗi har suka taƙaita abin da mutum zai iya cirewa, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairu na 2024. Wanda ya ajiye jarinsa a Maraɗi a wancan lokaci, kuɗin nasa ne a rubuce, amma ba shi da hanyar kai hannu gare su. Hukumar NDIC, wadda ke inshorar ajiyar bankuna a Nijeriya har zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya tun 2024, ba ta da hurumi a kan abin da ke ƙetaren iyaka.

Saboda haka buƙata ce ya kamata ta zaɓa wa mutum asusu. Mai biyan kuɗin makaranta ko na asibiti, da mai karɓar saƙon dangi, asusun kuɗin waje na gida ya wadatar da su. Ɗan kasuwar da ke sayen wake ko albasa ko dabbobi a Nijar yana biya da saifa a kai a kai, shi ne asusun Maraɗi zai yi wa amfani, domin zai rage masa yawo da tsabar kuɗi a hanyar da tsaro ya taɓarɓare, da sharaɗin ya bar abin da cinikin ke buƙata kawai a ciki, ya nemi amintaccen da zai fassara masa yarjejeniyar kafin ya sa hannu, ya adana kowane rasit, ya kuma sanar da magadansa inda dukiyar take, domin karɓo gadon da ke bankin wata ƙasa yana bin dokokin waccan ƙasar ne.