Sheƙin Mota da Ma'aunin Gudu na Leza

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin direbobin Amurka da Ingila, wai idan aka goge mota da kaki har ta yi sheƙi kamar madubi, na'urar leza ta 'yan sanda ba za ta iya auna gudunta ba.  Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata a san yadda na'urar take aiki.

Kamfanin Laser Technology na Amurka ne ya fito da irinta ta farko a 1989. Ta sha bamban da rada, wadda ke aiki da sauyin zangon igiyar rediyo. Ita leza tana harba ɗigon haske ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya, haske ne mai zangon nanomita 905 ko kusa da haka, wanda ido ba ya gani. Sai ta ƙidaya lokacin da kowane ɗigo ya ɗauka kafin ya komo. Da yake haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, motar da ke nisan mita 300 za ta maido shi cikin kashi 2 daga miliyan na daƙiƙa. Idan tana gudun kilomita 108 a awa, watau mita 30 a daƙiƙa, to cikin sulusin daƙiƙa ta matso da mita 10. Daga wannan raguwar nisa ake fitar da gudu.

To, a nan maganar direbobi ta fara rauni. Lokaci na'urar take aunawa, ba ƙarfin haske ba. Kaki yana iya rage hasken da ke komowa ko ya ƙara shi, amma ba ya jinkirta shi. Muddin ɗan kaɗan ya komo, lissafi ya cika.

Amma fa maganar ba ta rasa ƙanshin gaskiya. Abu mai sulɓi yana karkatar da haske gefe guda, kamar yadda yaro ke wasa da madubi a rana, alhali abu mai kaushi yana watsa shi ko'ina. Haka kuma baƙin fenti yana shanye haske fiye da fari, saboda haka baƙar mota mai kwantaccen gaba takan ɗan matso kusa kafin a kama ta. Sai dai jikin mota lanƙwasasshe ne, ba a rasa wurin da ke fuskantar ɗan sanda sosai, nan kuwa sheƙi taimakonsa yake yi.

Babban abin ma shi ne, ba fenti ake saitawa ba. A nisan mita 300 faɗin hasken bai wuce kamar mita 1 ba, an kuwa koya wa 'yan sanda su ɗora shi a kan lambar mota ko fitilun gaba. Lambar an yi ta ne musamman don ta mayar da haske inda ya fito, kuma a Ingila doka ta wajabta irinta ga sababbin motoci tun 1973. Wanda ya shafa mata wani abu don ya dushe ta, ya ƙara wa kansa laifi na biyu ke nan.

Inda na'urar takan yi kuskure na gaske wani wuri ne dabam. Idan hannun ɗan sanda ya goce, hasken ya zame daga gilashin gaba zuwa hancin mota, tsawon murfin inji sai ya shiga lissafi tamkar tafiya ce motar ta yi. Irin wannan shakka ce ta sa wata kotu a jihar New Jersey ta ƙi karɓar shaidar leza a 1996, sai a 1998 ta amince bayan an sake gwaje-gwaje, tare da gindaya sharuɗɗa game da nisa da horon mai riƙe da na'urar.