Tafkin Chadi a Kan Taswira

Taswirar da ke nuna tudu da kwari tana aiki ne da siraran layuka, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Inda layukan suka cunkushe akwai hawa, inda suka yi nesa da juna ƙasa a shimfiɗe take. A yankin Tafkin Chadi kuwa, sai ka duba takarda guda da ƙyar ka ga layi biyu, don ƙasar a baje take kamar faifai, kimanin mita 280 sama da teku.

Wannan shimfiɗar ce ke wahalar da masu zanen. Tafkin ba shi da zurfi, saboda haka in ruwa ya hau ko ya sauka da mita ɗaya, sai gaɓa ta matsa kilomitoci. A 1963 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, arewa da kudu, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Tsohuwar taswira za ta nuna maka Gigimi da Baga a bakin ruwa, alhali an yi shekarun da masuntan can sai sun yi doguwar tafiya kafin su jefa taru. Shi ya sa kafin ka gaskata shuɗin da aka shafa, duba gefen takardar ka ga shekarar da aka yi awon.

Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan tafkin, kogin Shari da Logon ne ke kawo shi, kuma a kudu yake zuba. Arewa sai abin da ya tsallako, da ɗan gudummawar Komadugu Yobe. Ɗaruruwan tsibiran da ke jere a gabas, inda ƙabilar Buduma ke kiwo da kamun kifi, tuddan yashi ne da ruwa ya kewaye. Yau tsibiri, baɗi gonar masara.

Iyakar ƙasashe dai ba ta bin ruwa. Masunta daga Najeriya sun bi tafkin yana ja da baya har suka kafa ƙauyuka irin su Darak, hukumomin Najeriya suka bi su. A 2002 Kotun Duniya ta koma ga yarjejeniyoyi da taswirorin zamanin Turawa, ta ce wurin na Kamaru ne, aka kuma miƙa shi a ƙarshen 2003.