BABI NA UKU: KIƊAN NATSUWA NA LANTARKI DA MATSAYINSA A RABE-RABEN KIƊAN HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo bayanin kayan kiɗan gargajiya da rukunonin makaɗa a ƙananan hukumomin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa na Jihar Jigawa. Shi kuwa wannan babi zai dubi wani nau'in kiɗa ne da zamani ya zo da shi, wanda ake yi da na'urorin lantarki, mai tafiya a hankali, kuma galibi babu waƙa a cikinsa. A wannan nazari an kira shi kiɗan natsuwa na lantarki. Za a bayyana ma'anarsa da yadda ake haɗa shi, sannan a ɗauki ayyukan Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar a matsayin misali, tun daga kaset ɗinsa na shekarar 1978 har zuwa faifan da suka yi su biyu da wani makaɗi a shekarar 2024. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin irin wannan kiɗa yana da gurbi a cikin rabe-raben kiɗan Hausa da masana suka shimfiɗa, ko kuwa baƙo ne da ba shi da masauki?

3.1 Ma'anar Kiɗan Natsuwa na Lantarki

Kiɗan natsuwa na lantarki kiɗa ne da ake tsarawa domin saurare da hutun zuciya, ba domin rawa ba. Sunan da Turawa suka ba shi yana nufin kiɗan da aka rage wa gudu. Ana auna gudun kiɗa ne da yawan bugun da ake yi a cikin minti ɗaya. Kiɗan rawa na lantarki a ƙasashen Turai yakan kai bugu 120 zuwa 130 a minti, shi kuwa na natsuwa galibi yana ƙasa da bugu 100. Wato tafiyarsa ta fi kusa da bugun zuciyar mutumin da yake zaune yana hutawa.

Akwai siffofi guda uku da ake gane shi da su. Na farko, sanyin tafiya, kamar yadda aka ambata. Na biyu, maimaici, inda ake ɗaukar ɗan gajeren kari a yi ta juya shi, ana ƙara masa wani abu kaɗan ko a rage. Na uku, gina yanayi, wato a ja sauti ya yi tsawo, a sa masa amsa-kuwwa, har mai saurare ya ji kamar yana cikin fili mai faɗi ko cikin dare mai tsit.

Ta fuskar tarihi, a shekarar 1978 ne Brian Eno na ƙasar Ingila ya fitar da faifansa mai suna Music for Airports, wanda ake ɗauka a matsayin ginshiƙin kiɗan gina yanayi. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, gidajen rawa na Ingila suka riƙa ware ɗakunan hutawa inda ake sa kiɗa mai sanyi ga waɗanda suka gaji da rawa. A shekarar 1998 wasu faya-faye biyu suka fito da suka ƙara wa wannan salo suna a duniya: Moon Safari na ƙungiyar Air ta ƙasar Faransa, da Music Has the Right to Children na ƙungiyar Boards of Canada ta yankin Sikotilan. Abin lura a nan shi ne, kowace daga cikin ƙungiyoyin nan mutum biyu ne kacal.

3.2 Yadda Ake Haɗa Shi

Dalilin da ya sa mutum biyu, ko ma ɗaya, suke isa su yi faifai sukutum yana tattare da kayan aikin. A ƙungiyar makaɗin Hausa akwai jagora da 'yan amshi da masu kaɗa kalangu ko kotso, sannan ga sanƙira mai yi wa waƙa zuga. Kowa da aikinsa, kuma dole su haɗu wuri ɗaya a lokaci ɗaya. A kiɗan lantarki kuwa na'ura ce take ɗauke mafi yawan waɗannan ayyuka.

Babban kayan aiki shi ne abin da Hausawa suke kira fiyano, duk da cewa ba shi da tsirkiya a cikinsa. Idan aka danna maɓalli, wutar lantarki ce take haifar da sautin, kuma ana iya sauya muryarsa ya yi kama da sarewa ko goge ko algaita. Sai akwatin bugu, wanda yake maimaita kiɗan ganga da kansa a kan gudun da aka saita masa. Sai kuma na'urar ɗaukar sauti mai ba da damar ɗora sauti a kan sauti: makaɗi ya ɗauki kashin farko, ya mayar da tef baya, ya saurara yana kaɗa kashi na biyu a kai. Ta haka mutum ɗaya yakan zama jagora kuma ɗan amshin kansa. Idan su biyu ne, sau da yawa ɗaya yakan riƙe ɓangaren kari, ɗayan kuma ya kula da bugu da tace sauti.

3.3 Mamman Sani da Faya-fayensa

Mamman Sani Abdullahi ɗan ƙasar Nijar ne wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO. A shekarar 1974, a wajen wani taron hukumar, ya ga wani wakili daga ƙasar Ruwanda da fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Ya lallashe shi ya sayar masa, ya taho da shi gida Yamai. Da wannan na'ura ya riƙa tsara kiɗansa, wani ƙagaggensa ne, wani kuma ya ɗauko shi daga karin waƙoƙin gargajiya na al'ummomin Nijar, har da na Fulanin Wodaɓe da na Buzaye.

A shekarar 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka ɗauki kiɗansa ta hanyar ɗora sauti a kan sauti. An fitar da shi a kaset tare da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu, amma kaɗan ne aka buga. Duk da haka kiɗan bai ɓace ba, domin gidan rediyo da na talabijin na ƙasar sun yi shekaru fiye da 30 suna sa shi a tsakanin shirye-shirye. Saboda haka ɗimbin jama'a sun san karin kamar yunwar cikinsu, alhali da yawansu ba su san mai shi ba.

Sai a shekarar 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke birnin Fotlan na Amurka, ya sake buga wannan aiki a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger, bayan an ci karo da kaset ɗin a wani ɗakin adana kayan tarihi a Yamai. A 2014 kamfanin ya fitar da Taaritt, wanda aka ɗauka a shekarun 1980, sannan a 2015 ya fitar da wasu tsofaffin tef ɗinsa na tsakanin 1981 da 1984 waɗanda ba a taɓa bugawa ba. A shekarar 2024 kuma aka fitar da faifan Nijerusalem, wanda Mamman Sani ya yi tare da Tropikal Camel, makaɗin lantarki haifaffen birnin Ƙudus. Sunan faifan haɗi ne na Nijar da Ƙudus, kuma tsarinsa irin na ƙungiyoyin mutum biyu ne da aka bayyana a sama: karin fiyanon Mamman Sani a gaba, bugun na'ura yana dafa masa baya.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne shekarar 1978. A shekarar da Brian Eno ya fitar da nasa faifan a Turai, a ita ce Mamman Sani ya ɗauki nasa a Yamai, shekara 20 kafin fitowar Moon Safari. Wannan yana nuna cewa ba a jira salon ya yi suna a Turai ba kafin a fara yin irinsa a yankin Sahel.

3.4 Matsalar Rabe-rabe

Masana irin su David Ames da Anthony King a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, da Sa'idu Muhammad Gusau a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun dubi kiɗan Hausa ta fuskar muhallinsa da waɗanda ake yi wa shi. Bisa wannan hanya ce ake samun makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, da makaɗan jama'a irin su Mamman Shata, da makaɗan sana'a kamar na mahauta da manoma da maƙera, da makaɗan maza na 'yan dambe da 'yan tauri. A kowane rukuni ana samun abubuwa uku: wanda ake yi wa kiɗan, da taron da ake yin sa, da maganar da yake ɗauke da ita.

Batun magana yana buƙatar ƙarin bayani. A wajen Bahaushe, ko kiɗan da ba a buɗe baki a cikinsa ba yana magana. Kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, har mutum ya ji takensa ya waiwaya. Kakaki da algaita a ƙofar fada kirari suke yi, kuma mutanen gari sun san abin da suke faɗa. A kiɗan bori ma, kowane iska da nasa taken a garaya ko goge. Ke nan kiɗan Hausa, a mafi yawan lokuta, saƙo ne da aka aika wa wani.

Kiɗan Mamman Sani bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba. Ba shi da ubangidan da ake wasawa, ba a yin sa a dandali, ba a yi masa liƙi, kuma fiyanon ba ya kiran taken kowa. Haka kuma ba za a haɗa shi da kiɗan fiyano na finafinan Hausa ba, wanda ya bunƙasa a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da fiyanon Yamaha, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999. Na'urar iri ɗaya ce, amma a finafinai fiyano bawan waƙa ne, aikinsa ya raka muryar mawaƙa da rawar 'yan wasa. Idan aka cire waƙar, kiɗan ya zama taliya ba miya.

3.5 Dangantakarsa da Gargajiya a Yankin Nazari

Rashin gurbi a rabe-rabe bai isa ya zama hujjar cewa kiɗan baƙo ne ba. Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, ita kuwa Ɓaɓura tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, tana fuskantar yankin Magarya na jihar Damagaram. Dukkansu ƙasar Hausawa da Fulani ce, manoma da makiyaya, kuma kasuwanci da auratayya da sauraron rediyo sun haɗa su da 'yan'uwansu na tsallaken iyaka tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. A irin wannan ƙasa akwai wani kiɗa da aka sani tun fil azal wanda shi ma bai cika sharuɗɗan nan uku ba, wato busar sarewar makiyayi.

Makiyayi yakan busa sarewa shi kaɗai a daji, ba ya jiran kyauta, ba ya tara jama'a. Yana ɗaukar ɗan gajeren kari ya yi ta maimaitawa a hankali domin ɗebe wa kansa kewa. Haka shi ma mai gurmi ko garaya da yake kaɗawa a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ba don biki ba. Idan aka jera wannan da kiɗan natsuwa na lantarki za a ga sun yi tarayya a abubuwa kamar haka:

(a) Sanyin tafiya da rashin nufin tayar da rawa.
(b) Gina kiɗa a kan maimaita gajeren kari.
(c) Yawan dogaro da ma'aunin sautuka biyar, wanda shi ne ya fi yawa a kiɗan gargajiyar wannan yanki.
(d) Tsarin kira da amsawa, inda kashi ɗaya na kiɗan yake jagora, ɗayan yana amshi.

Bambancinsu yana wajen kayan aiki da hanyar isa ga mai saurare. Sarewa ba ta wuce inda iska ta kai ta, shi kuwa kiɗan lantarki rediyo da kaset da katin waya ne suke ɗaukarsa. Misali, kiɗan Hama, wani makaɗin fiyano na Yamai, ya daɗe yana yawo a katin wayoyin jama'a ba tare da sunansa ba, kafin a fitar da faya-fayensa Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Ashe abin da ya sami Mamman Sani a rediyo shi ne ya sami Hama a waya: kiɗa ya yi suna, mai shi yana ɓoye.

A nan ne illar rashin gurbi take bayyana. Abin da ba a ba shi suna ba, ba a nazarinsa, kuma abin da ba a nazari ba a damuwa da adana shi. Waƙoƙin Shata da Narambaɗa sun sami masu rubuta su da sharhinsu domin suna da baitoci. Kiɗan da ba shi da baiti kuwa, idan tef ya lalace shi ke nan. Kaset ɗin 1978 ya yi shekara 35 kafin a sake buga shi, kuma daga ƙetare aka zo aka yi hakan.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar kiɗan natsuwa na lantarki da siffofinsa da yadda na'ura take bai wa mutum ɗaya ko biyu damar yin aikin ƙungiya guda. An kawo tarihin faya-fayen Mamman Sani daga 1978 zuwa 2024, an kuma nuna cewa rabe-raben da suka dogara da ubangida da taro da magana ba su tanadar wa irin kiɗansa wuri ba. Sai dai an gano cewa yana da dangi a gida, wato busar sarewa da kiɗan gurmi ko garaya na ɗebe kewa. Saboda haka wannan nazari yana ganin ya dace a ƙara rukuni guda a rabe-raben kiɗan Hausa, a kira shi kiɗan saurare, wanda zai ƙunshi na gargajiya da na lantarki baki ɗaya. Babi na huɗu zai dubi kiɗan fiyano mai rakiyar waƙa, da yadda ya sami karɓuwa a bukukuwan aure na yankin nazari.